Larabar Fenna Ta Dawo Hannuna

Winschoten, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Aaltje,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙaninki Eltjo. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Klaas da 'ya'ya da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar, yaya kunnen? Na ji a bakin 'yata Renske cewa likita ya hana Klaas nama da gishiri tun da zuciyarsa ta tsorata ku. Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki haƙurin zama da namijin da aka raba da nama, don na san halinsa. Mu nan lafiya lau. An gama haƙar dankali, ruwa ya dawo ba ya ɗaukewa, tuffar da marigayiya matata Trijntje ta dasa ta yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Ranar Lahadi bayan coci na je kabarinta na share ganye, na ba ta rabin labarin da zan ba ki. Ke ce za ki ji shi duka.

Ki tsaya ki dubi rubutun nan kafin ki ci gaba. Ba na Renske ba ne, ba na maƙwabta ba ne. Nawa ne, da hannun da ya shekara arba'in da ɗaya yana ɗora buhu a masana'antar garin dankali. Ban so in faɗi maganar ta waya ba, don kunnenki sai an ɗaga murya, bangon gidan nan kuwa ba ya riƙe sirri. Albishir nake kawo miki daga nan har Kanada: Laraba ta dawo hannuna. Jikata Fenna a gidana take yini yanzu duk Laraba idan an tashe su daga makaranta da tsakar rana, har uwarta ta taso daga aiki. Tun da aka yanke maganar nake tashi da waƙa a baki kamar wanda aka rage wa shekara ashirin.

A hoto kawai kika san Fenna. Shekararta shida, haƙoranta biyu na gaba sun fita, kuma har yau jikinta ba ya ɗaukar ƙwai, ba ya ɗaukar alkama, gyaɗa kuwa ko kusa da ita ba a so ta zo. Da ta ci abin da ya taɓa ɗaya daga cikinsu sai leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe. Sau biyu motar asibiti tana zuwa ɗaukarta, allurar gaggawa tana cikin jakarta duk inda za ta. Ga shi Renske da mijinta Wouter ba sa cin nama, haka suka tayar da yarinyar. To ki duba abin da ya rage mata. Duk bikin da aka yi, yara suna cin boga, curin naman nan da ake sawa cikin burodi, miya tana zubo musu a haɓa, ita tana gefe da ɗan akwatinta na busasshiyar wainar shinkafa tana kallonsu, ko ƙorafi ba ta yi. Rashin ƙorafin nan shi ya fi ci mini rai.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne yadda aka raba ni da ita. Shekara huɗu ke nan. Trijntje ta rasu da wata biyu, aka zauna a tebur a gidan Renske za a yanke wanda zai ci gaba da riƙe yarinya ranar Laraba. Lokacin Trijntje tana raye ranar tamu ce, ita ke karanta bayan kowane kwali, ni nawa ɗaukar yarinya a wuya. Sai Diederik, mahaifin Wouter, tsohon hedimasta, ya ɗauko kwalin biskit ya ajiye a gabana, ya ce wai in taimaka in karanta wa jama'a abin da ke ciki, a ga ko Fenna za ta iya ci. Na faɗi abin da na shekara hamsin ina faɗa a asibiti da ofishin gari, na ce na baro tabarau a gida. Ya cire nasa daga hanci ya miƙo mini, ya ce in gwada wannan, Malam Buhu, shi ya karanta littattafai da yawa, wataƙila ya saba hanya. Wouter ya fara dariya ya haɗiye. Renske ta sunkuyar da kai. A ranar ta san ubanta bai iya karatu ba, don uwarta ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Sannan Diederik ya gyara zama, ya ce da muryar nan tasa ta gaban aji, wai ba ƙiyayya ba ce, lafiyar yarinya ake dubawa, wanda ba ya iya karanta bayan kwali ba a bar masa yarinya. Na riƙe maganar nan kalma kalma, Yaya, tun kafin in iya rubuta ko ɗaya daga cikinsu. Daga ranar, Laraba ta koma hannunsa.

Ke kika raka ni gonar dankali ranar farko bayan an binne Baba, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, don haka ba sai na gaya miki yadda na rabu da makaranta ba. Ina da shekara sittin da biyar na koma, ajin yamma na manya a ɗakin karatu na gari, Litinin da Alhamis. Malama Hilde ta tambayi kowa abin da yake so ya fara iya karantawa. Wani ya ce jarida, wata ta ce wasiƙun hukuma. Ni na ce bayan kwali. Kalmomina na farko su ne ƙwai, alkama, gyaɗa. Ina kai mata kwalaye cike da jaka kamar mai kwashe shara, har 'yan ajin suka sa mini Sarkin Kwali. Har yau ba ni da sauri, yatsa nake sawa ƙarƙashin layi, leɓena yana motsi. Diederik ya taɓa iske ni haka a kanti, ya dafa kafaɗata ya ce in bi a hankali, sai ƙarfe takwas suke rufewa. Amma ni ba na tsallake kalma, don ban iya ba. Mai sauri yana ganin rabin kalma ya cika sauran da ka, ni sai na kai ƙarshenta.

Tun cikin hunturu na sa a raina cewa yarinyar nan za ta ci boga a gaban jama'a kamar kowane yaro. Gwaji talatin da ɗaya na yi, duk suna rubuce a littafina. Na farkon suka watse a kasko suka zama faten wake, kajin maƙwabciyata Jantien suka ci har suka fara guduna. Ba ƙwai, ba garin burodi, me zai riƙe ta? Ashe amsar ita ce na shekara arba'in ina ɗauka a baya, garin dankali. Ga yadda ake yi, ki kwafa saboda Klaas. Jan waken nan namu za ki jiƙa ya kwana, ki dafa da kanki, kada ki sayi na gwangwani. Ki tsane shi, ki baza a faranti ki sa a tanda minti goma har fatarsa ta fara tsagewa, don ruwa shi ke lalata wannan aiki. Ki soya albasa da gogaggen karas da tafarnuwa a ɗan mai har su bushe su yi zaƙi. Ki murƙushe rabin waken da cokali mai yatsu, rabi ki bar shi da jikinsa don haƙori ya sami abin kamawa. Ki zuba ludayi ɗaya na dafaffiyar shinkafa mai sanyi, faski, masoro, ruwan lemun tsami a madadin gishiri idan ta Klaas ce, sai cokali biyu na garin dankali. Ki jiƙa hannu ki cura, ki danne ta ta yi faɗin tafin hannu, ki sa a firiji awa guda. Wanda ya tsallake awar nan ya yi wa kaji aiki. A kasko kuma kada ki taɓa ta sai ta yi ɓawo, juyi ɗaya tak. Ta Fenna kaskonta daban, katakon yankanta daban, cokalinta na ɗaura masa jan zare, kuma babu wani garin ɗanɗano na kanti da yake shiga.

Renske ta zo ta tsaya a kaina tun daga jiƙa wake har juyi, ta ɗanɗana, sannan ta ce in kawo bikin maƙwabta na layinsu, Asabar ɗin ƙarshen Satumba. Idan komai ya tafi daidai, za a duba ko a raba Laraba, mako ɗaya nawa, mako ɗaya na Diederik. Rabi ke nan, kuma da na karɓa da godiya. Da labari ya kai wa Diederik sai ya ce wai ashe Malam Buhu ya zama kuku, to shi ma zai kawo tasa, wadda ya samo a littafin masana. Shi ma matarsa ta rasu, shi kaɗai ne a gidan nan mai bene, Laraba ita ce duk abin da yake da shi a mako. Na san da haka. Renske, don a zauna lafiya, ta ce Fenna za ta ci ɗaya daga hannun kowane kaka.

Da safiyar Asabar ɗin aka aike ni gidansa in ɗauko teburin naɗewa. Ya zuba mini gahawa, na ga rabin ya sauka a gefen kofin, ya yi maza ya goge da hannun riga. Bogarsa tana jere a faranti, ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da ya fita rumfar baya neman teburin, idona ya faɗa kan kwandon shara, na ga fankon kwalin garin ɗanɗano a sama. Irin wanda yake cikin jerin da Renske ta manna a firiji ne, na abubuwan da aka yarda da su tun shekara uku. Sai dai a kusurwarsa akwai ɗan rawayan layi da ban saba gani ba. Na sa yatsa na bi, an rubuta sabon haɗi. Na juya baya, na bi layi na farko, na biyu, a na uku ga su nan da baƙin rubutu mai kauri: garin alkama, garin ƙwai. Na maimaita sau biyu don kada in zalunce shi, sannan na cusa kwalin a aljihu. Da ya dawo na tambaye shi, kamar hira, me ya sa a ciki ta yi ƙamshi haka. Ya ce garin nan ne da ke cikin jeri, ya san shi da ka, ba kowa ne sai ya yi ta bin kwali da yatsa ba.

Na san a nan za ki ajiye takardar ki cire tabarau. Gaskiya ne, Yaya, da na gaya masa a nan cikin kicin, tsoho da tsoho, ya zubar da su, ba wanda zai ji. Kwalin yana cikin aljihuna, maganar tana bakina. Na dubi tabaran da ke hancinsa, shi ne dai wanda ya miƙo mini a tebur. Na ɗauki teburin na ce sai mun haɗu. Awa shida na yi da kwalin nan a ƙirjina, kuma ban taɓa jin abu mara nauyi ya yi mini daɗin ɗauka kamarsa ba.

An toshe layi da tebura, mutum kusan arba'in. Wutar gashi tana can gefe ɗaya da nama da miyar gyaɗa, ni na kafa ɗan murhuna da kaskona a ɗaya ƙarshen, nesa da hayaƙinsu. Bogata ta fara tafiya tun kafin a zauna. Jantien mai ciwon suga, wadda ta biyo ni bikin, ta ci ɗaya ba burodi, Malam Orhan da ba ya cin naman da bai san yankansa ba ya ci biyu, ya ce shekara tara yana zuwa bikin nan yana komawa gida da salak a ciki. Diederik ya ce tasa za a fara ba yarinya, tunda hannunsa ta saba. Na ce haka ya dace, girmansa ne. Ya ɗora ta cikin burodin masara ya ajiye a gabanta, ni kuma na tsaya a bayan kujerarta, hannuna a shirye. A daidai lokacin Jantien ta ja mini riga tana tambayar cokali nawa ne na garin dankali. Waiwaye ɗaya na yi. Kafin in juyo Fenna ta kai ta baki. Na cafke wuyan hannunta, ba ta gatsa ba, amma ta taɓa leɓe.

Renske ta taso ta goge mata baki tana tambayar mene ne. Na fito da kwalin, na sa yatsa, na karanta da ƙarfi tun daga layin farko, a hankali, kalma kalma, mutum arba'in suna jira in kai ƙarshe. Da na kai alkama da ƙwai, Renske ta riga ta buɗe jakar allura. Wannan kam wajibi ne, uwa sai ta san abin da ya taɓa 'yarta. Abin da ya biyo baya ba wajibi ba ne, don kaina na yi shi. Na miƙa wa Diederik kwalin na ce, Hedimasta, ni sabon ɗalibi ne, wataƙila na yi kuskure, ka karanta wa jama'a su ji. Ya karɓa. Ya nisanta shi, ya matso da shi, ya juya wajen haske. Ya sake nisanta shi. Can ya ce wai ya baro tabarau a gida. Yana nan a hancinsa, Yaya, kowa yana gani. Na cire nawa na miƙa masa, na ce ya gwada wannan, bai daɗe da fara karatu ba amma ba ya tsallake layi.

Ba wanda ya yi dariya. Wouter ya kama gwiwar hannun ubansa ya fita da shi daga layin. Daga baya aka ji a asibitin ido cewa tsakiyar ganinsa ta fi shekara tana tafiya, gefe kawai yake gani, ya ɓoye wa kowa, da ka yake komai. Ranar Litinin Wouter ya karɓe makullin motarsa. Fenna kuwa leɓenta ya tashi ya yi ja, aka ba ta maganin sha, Renske ta zauna minti ashirin da allura a hannu tana kallon ƙirjinta, Allah ya sa ba a kai ga sokawa ba. Minti ashirin ɗin nan su kaɗai ne ba na son tunawa. Bayan awa guda yarinya ta ce yunwa take ji, uwarta da kanta ta je kaskona ta ɗauko mata. Ta zauna cikin yara ta ci biyu, ruwan tumatir yana zubo mata a haɓa, tana ɗaga wa kowa ya gani. Renske ta tambaye ni inda na sami kwalin, na ce a kwandon da Diederik ya kawo kayansa na tsince shi yanzun nan. Ta rungume ni ta ce ba maganar rabi kuma, Laraba tawa ce duka.

Larabar da ta wuce, muna kicin da Fenna tana murƙushe wake, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Diederik ne, a ƙafa ya zo, ruwa ya jiƙa masa kwat. Na fita na ja ƙofar a bayana. Ya ce, ƙasa ƙasa, shi bai sa kwalin nan a kwando ba, a shara ya jefa shi da safe, ya san tun safe na gani. Na ce haka ne. Ya ce ba zai gaya wa Renske ba, don idan ta ji za ta raba mu duka biyun da yarinyar ta kai ta gidan raino, shi kuma ba ya so a yi wa Fenna haka. Abu ɗaya yake roƙo, in bar shi ya riƙa zuwa ya zauna awa ɗaya ranar Laraba, ba zai taɓa abinci ba, a kujera kawai zai zauna ya ji muryarta. Ban taɓa jin ya kira ni Eltjo ba sai ranar. Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa ba ƙiyayya ba ce, lafiyar yarinya ake dubawa, sauran maganar kuma ya san ta, tunda tasa ce. Ya gyaɗa kai, ya juya yana laluben ƙofar shinge. Fenna ta hau kujera a taga tana ɗaga masa hannu biyu, hannun duk wake. Ya waiwayo ya dubi gidan sosai, bai gan ta ba. Ni na gani. Ban gaya masa ba.

Kada ki rubuto ki ce in je in ba shi haƙuri, ba zan je ba. Shi ya yi shekara huɗu, ni mako biyu kawai na yi. Idan kin gama karantawa ki yanke wurin girkin ki ajiye, sauran ki sa a murhu, kuma idan Renske ta kira ki, abin da kika sani shi ne ƙaninki ya iya karatu ya ceci jikarsa.

Ki gaishe mini da Klaas, ki ce ya ci boga biyu kafin ya zage ni. Ki gaishe da Sietske da mijinta, da Harm da yaransa, da 'yar jaririyar da aka sa wa sunan Mama. Renske da Wouter suna gaishe ki. Fenna ta zana miki kaza a bayan takardar nan, ta ce ta Jantien ce, wadda ta ƙi cin wake. Zan tsaya nan, yau Talata, sai in je in jiƙa waken gobe. Allah ya tsare ku, ya sa mu gana da alheri.

Ƙaninki, da hannunsa,
Eltjo